Yadda ake daidaita manhajar sikanin da adana takardu ta bi tafiyar aikin kamfani

Manyan manhajojin adana takardu, irin su OnBase, Laserfiche, DocuWare, M-Files, FileNet na IBM da Documentum na OpenText, duk suna zuwa ne babu komai a cikinsu. Suna iya karɓar hoton takarda daga sikana, su karanta rubutun da ke jikinta, su adana ta, su tura ta ga wanda zai sa hannu. Amma ba su san irin takardun da ke shigowa kamfaninku ba, ba su san wanda ke da ikon amincewa a biya kuɗi ba, ba su kuma san tsawon lokacin da doka ta ce a riƙe kwantiragi ba. Sanya musu wannan sanin shi ne aikin daidaitawa, kuma kaso mafi girma na aikin da biro da takarda ake gama shi, tun kafin a buɗe allon saiti. Wanda ya fara da ƙirƙirar foldoji zai tarar ba da jimawa ba cewa rikicin tsohon ɗakin fayil ya koma cikin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, sai dai yanzu ido ba ya ganinsa.

A nan za a ɗauki takardar neman biya da mai kawo kaya ke aiko wa kamfani a matsayin misali, domin a cikinta ake haɗuwa da kusan kowace matsala. Matakan suna aiki haka nan ga fayil ɗin ma'aikaci, takardun inshora ko kwantiragi.

Ku fara da bin takardar daga ƙofa zuwa ajiya

Ku zaɓi aiki guda ɗaya tak. Ku ɗebo takardu na gaske da suka shigo kwanan nan, kamar hamsin zuwa ɗari, ku bi sawunsu: wa ya fara karɓa, me ya duba a jiki, me ya rubuta, a teburin wa ta kwana, me ya sa aka dawo da ita. Ku tambayi akawun da ke aikin, domin abin da ke rubuce a littafin ƙa'idojin kamfani da abin da ake yi a zahiri ba safai suke zama ɗaya ba. Ku ware takardun da suka tafi salin alin daga waɗanda suka yi gardama, wato marasa lambar oda, masu kuɗin da bai dace da oda ba, da waɗanda aka aiko sau biyu. Wannan rukuni na biyu shi ne zai cinye yawancin lokacin saiti.

Sai a zana tafiyar. BPMN 2.0, wanda ƙungiyar OMG ta fitar a 2011, shi ne salon zanen da yawancin masu wannan sana'a suka sani, amma akwatuna da kibau a farar takarda ma sun wadatar. Wajen zanen ku cire matakan da takarda ce kawai ta haifar da su: ɗaukar kwafi uku, rubuta suna a rajistar kowane ofis, kai fayil da hannu. Kafin ku cire hatimi ko sa hannu, ku tambayi dalilinsa. Wani hatimin al'ada ce kawai, wani kuwa shi ne shaidar da masu odit ke nema, kuma dole a samar masa madadi a cikin manhajar.

Nau'in takarda da guraben fihirisa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma gyara shi bayan an zuba takardu dubu ɗari yana da wahala ƙwarai.

Nau'in takarda a manhaja ana raba shi ne da abubuwa huɗu: bayanan da ake ɗauka daga jikinta, hanyar da take bi, waɗanda aka yarda su gan ta, da tsawon lokacin riƙe ta. Idan takardu biyu ba su bambanta a ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba, nau'i ɗaya ne, ko da sassa biyu suna kiransu da suna daban. Kamfanin da ya bar kowane sashe ya ƙirƙiri nasa yakan ƙare da ɗaruruwan nau'o'i, mai sikanin kuma ya riƙa zaɓar duk wanda ya fi kusa da hannunsa.

Gurbin fihirisa wuri ne a manhajar da ake rubuta bayani guda ɗaya game da takarda don a iya nemo ta. Ga takardar neman biya, gurabe kaɗan sun isa: lambar mai kawo kaya, lambar takardar, ranarta, lambar odar saye, jimlar kuɗi, haraji, da nau'in kuɗin. Duk gurbin da aka ƙara yana da nauyinsa. Idan cike gurbi ɗaya yana ɗaukar daƙiƙa 10, kuma takardu 1,000 ke shigowa a rana, wannan gurbin kaɗai ya ci kusan awa uku na aikin mutum a kowace rana. Don haka kowane gurbi sai ya amsa tambaya: wa zai nemi takarda da shi, ko wace ƙa'ida ce ta dogara da shi? In babu amsa, a bar shi.

Irin bayanin da gurbi ke karɓa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Lambar takarda a sa ta a matsayin rubutu, ba adadi ba. In an sa ta a matsayin adadi, 004512 za ta koma 4512, sifirorin farko su ɓace, sannan ta kasa haɗuwa da abin da ke cikin manhajar akanta. Kuɗi a sa shi a gurbin adadi mai ɗigon goma, nau'in kuɗin kuma a gurbinsa daban, don a iya tarawa da kwatantawa. Rana a sa ta a gurbin rana na ainihi. Rubutun 03/04/2024 a Amurka yana nufin 4 ga Maris, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu, kuma kamfanin da ke hulɗa da ɓangarorin biyu zai sha wannan ruɗani. Wajen musayar bayanai tsakanin manhajoji a tsaya kan tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana: 2024-04-03.

Kada a bar kowa ya rubuta sunan mai kawo kaya da hannu. Wani zai rubuta cikakken suna, wani ya taƙaita, wani ya ƙara ɗigo, sai kamfani ɗaya ya zama huɗu a bincike. Gurbin ya riƙa ɗauko jerin daga rumbun bayanan akanta: akawu ya shigar da lambar mai kawo kaya, sunan ya fito da kansa. Wanda ba ya cikin jerin, takardarsa ta tafi layin masu matsala, inda takardun da suka yi gardama ke jiran mutum, har a yi masa rajista ta hanyar da ta dace.

Game da foldoji, a rage su iyakar iyawa. Folda wuri ɗaya take ba takarda, alhali mai akanta yana nemanta ta wata, mai saye yana nemanta ta oda, lauya yana nemanta ta kwantiragi. Guraben fihirisa suna ba kowa hanyarsa ba tare da an kwafi takardar sau uku ba. Akwai kuma iyakoki na fasaha: a Windows tsohuwar iyakar tsawon adireshin fayil haruffa 260 ce, kuma foldoji masu zurfi suna ƙetare ta ranar da aka zo fitar da takardu, a SharePoint kuwa jerin da ya haura abubuwa 5,000 yakan fara ƙin nuna sakamako in ba a yi wa ginshiƙan da ake tacewa da su fihirisa ba tun da wuri. Sunan fayil ma kada ya zama shaidar takarda. Shaidarta ita ce lambar da manhajar ta ba ta, wadda ba ta canzawa.

Tun a nan a sa ƙa'idar kama maimaici: in lambar mai kawo kaya da lambar takarda suka zo daidai da wata da ke ciki, manhajar ta tsayar ta yi gargaɗi. Kwatanta tambarin SHA-256 na fayil, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, yana kama fayil ɗaya da aka ɗora sau biyu, amma ba ya kama takardar da aka sake wucewa da ita ta sikana, domin hoto na biyu ba zai taɓa zama daidai da na farko ba ɗigo da ɗigo.

Saitin sikana

Ga rubutun ofis na yau da kullum, 300 dpi ne mizani, wato ɗigo 300 a kowane inci. A 200 mutum yana iya karantawa amma na'urar karanta rubutu takan fara tuntuɓe a ƙananan haruffa. 400 zuwa 600 sai ga rubutu ƙanana sosai ko zane. Shafin A4 a 300 dpi yana da fiksel 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, kusan miliyan 8.7. In ba a matse shi ba, baƙi da fari yana cin kamar megabait 1, launin toka kusan 9, cikakken launi kusan 26. Da matsewar CCITT Group 4, wadda ba ta zubar da komai, shafin baƙi da fari yakan sauko wajen kilobait 50. Da wannan za ku yi lissafin ma'aji: shafi 5,000 a rana, kwanakin aiki 250, ya kama gigabait 62 da rabi a shekara. In aka ɗauki komai da launi a kilobait 500 kowane shafi, adadin ya ninka goma, kuma kwafin ajiya ma ya ninka haka.

Ba a nufin a guji launi ko'ina. Rasit ɗin da ake bugawa da zafi ba da tawada ba wanda ya fara koɗewa, rubutun fensir, hatimi mai shuɗi a kan rubutu, da layin da aka shafa wa alƙalami mai haske, duk suna lalacewa a baƙi da fari: wurin da aka haskaka yakan fito baƙi ƙirin ya rufe adadin da ake so. Irin waɗannan a ba su saitin toka ko na launi. Hanyar da ta fi ita ce a ƙirƙiri saiti biyu ko uku masu suna, a kulle su, mai sikanin ya zaɓa kawai ba tare da ya taɓa maɓallan ciki ba.

Matsewa ɗaya tana buƙatar taka tsantsan na musamman, ita ce JBIG2 a yanayinta mai zubar da bayani. Tana tara siffofin haruffa masu kama da juna ta wakilta su da hoto ɗaya. A 2013 David Kriesel, masanin kwamfuta a Jamus, ya gano cewa wasu na'urorin Xerox WorkCentre suna musanya lambobi a takardun da aka yi sikanin, 6 ta koma 8, kuma hoton ya fito tsaf babu alamar an taɓa shi. Ga takardar kuɗi ko ta magani wannan babban haɗari ne. Ku duba saitin matsewa a sikana da kuma a manhajar da ke haɗa PDF, ku kashe wannan yanayin.

Don adana na dogon lokaci, PDF/A ne aka saba, nau'in PDF da aka tsara don ajiya, wato ISO 19005, wanda kashinsa na farko ya fito a 2005, na biyu a 2011, na uku a 2012. Yana tilasta a cusa haruffan rubutu cikin fayil ɗin, yana hana kulle shi da kalmar sirri, yana kuma hana JavaScript. PDF/A-2 ya wadatar ga yawancin aiki. PDF/A-3 yana ba da damar a liƙa wani fayil a ciki, kamar bayanan XML na takardar neman biya. Takardar da ta zo ta imel tuni a matsayin PDF kada a buga ta a sake sikanin; a shigar da ita kai tsaye, rubutunta na asali ya fi duk abin da za a karanto daga hoto. In tana ɗauke da sa hannu na lantarki, juya ta zuwa PDF/A yana ɓata sa hannun, don haka a ajiye ta asali a gefen kwafin da aka juya.

Raba takardu a cikin ƙunshi ɗaya ana yinsa da shafin rabuwa mai ɗauke da bakod, Code 39 ko Code 128 ko QR, ko kuma da sitika mai bakod a shafin farko na kowace takarda. Sitikar ta fi amfani, domin lambarta tana haɗa takardar hannu da hotonta in an zo nema daga baya. A buga bakod ɗin da firinta mai kyau, a bar masa farin fili a gefe. Wanda aka yi ta ɗaukar kwafinsa daga kwafi yakan daina karantuwa, sai takardu biyu su haɗe su zama ɗaya ba wanda ya lura.

Abubuwan da ke ɓata aiki a ɗakin sikanin ƙanana ne. Ƙusar sitefila da aka manta tana yaga takarda ta karce gilashi. Ƙura ko ɗigon gam a gilashin sikana mai jan takarda yana zana dogon layi daga sama har ƙasa a kowane shafi, kuma in layin ya ratsa ginshiƙin kuɗi, karatun ya lalace. Rolar da ta sulɓe tana jan shafi biyu lokaci guda. Don haka a kunna na'urar gane shafi biyu mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, a kuma san cewa ambulan da takarda mai liƙe suna sa ta ƙara a banza. Cire shafin da babu rubutu yana da amfani wajen sikanin gaba da baya, amma in an tsananta ma'auninsa zai jefar da shafin da sa hannu kaɗai ke kansa. A ƙirga shafuka kafin a zuba, a rubuta a takardar saman ƙunshi, manhajar ta kwatanta da abin da ta karɓa. Direban sikana kuma, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, TWAIN ne ko ISIS, ku tabbatar manhajar tana goyon bayan sigar da kuke da ita kafin a sayi na'urori.

Karanta rubutu da tantance shi

OCR, fasahar da ke mayar da hoton rubutu ya zama haruffa, ana amfani da ita ta fuska biyu. Ta farko ita ce karanta shafi duka don a iya neman kalma a ciki. Kuskure kaɗan a nan ba ya cutarwa. Ta biyu ita ce ciro bayani a zuba a gurbi, kuma a nan kuskuren harafi ɗaya yana iya sa a biya kuɗin da ba shi ba. Ga fom ɗin kamfani mai tsari ɗaya, a zana wa manhajar wurin da kowane gurbi yake. Ga takardun da ke zuwa daga ɗaruruwan masu kawo kaya, kowa da fasalinsa, zana wuri ba ya ɗorewa, sai a koma ga neman kalmar da ke kusa da adadin, ko injin da ke koyo daga gyaran da akawu ke yi.

Kada adadin inganci da ake talla da shi ya ruɗe ku. In injin yana karanta kashi 99 cikin ɗari na haruffa daidai, lamba mai haruffa goma tana fitowa daidai kusan kashi 90 ne kawai, wato ɗaya cikin goma da kuskure. Sifiri da harafin O, 1 da l, 5 da S, 8 da B, su ne aka fi musanyawa. A gaya wa gurbin abin da ya halatta a cikinsa: in lambobi kaɗai ake sa rai, kada ya karɓi harafi. A zaɓi harshen takardar daidai, kuma rumbun bayanan ya zama mai karɓar Unicode, tsarin da ya ƙunshi haruffan harsuna daban-daban, in ba haka ba haruffa irin su ƙ, ɗ, é da ü za su koma alamar tambaya. A lura da rubutun adadi ma: abin da wasu ke rubutawa 1,250.00, a Jamus 1.250,00 ake rubuta shi.

Makin tabbaci da injin ke bayarwa yana nuna yadda ya gamsu da kansa ne, ba hujja ce cewa ya yi daidai ba. Abin dogaro shi ne ƙa'idojin tantancewa: kuɗin kaya da haraji su haɗu su ba da jimla, ranar takarda kada ta wuce ta yau, lambar oda ta kasance a manhajar akanta kuma ta wannan mai kawo kayan ce, lambar IBAN, wato lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa, ta tsallake lissafinta na raba da 97. Gurbin da ya tsallake waɗannan ya wuce, wanda ya faɗi ya je gaban mutum, tare da hoton daidai wurin da aka karanto shi a gefen gurbin. Don sanin inda za a sa ma'aunin, ku ɗauki takardu ɗari biyu ko uku, mutum ya cike gurabensu da hannu, a gwada injin a kansu, a ƙirga kuskure gurbi gurbi. Abin da za ku fi sa wa ido shi ne kuskuren da ya wuce da babban maki.

Abu ɗaya kada a taɓa barin injin ya yi shi kaɗai: canza lambar asusun bankin mai kawo kaya saboda ta zo daban a jikin takarda. Ta wannan ƙofar 'yan damfara suka fi shigowa. In lambar ta saɓa wa wadda ke rajista, takardar ta tsaya, wani ya kira mai kawo kayan ta lambar wayar da aka riga aka sani.

Gina tafiyar aikin

Matsayin takarda ya zama kaɗan kuma kowa ya gane shi: ta shigo, ana tantancewa, tana jiran amincewa, an amince, an biya, an mayar. Kowane mataki a ɗora shi a kan muƙami ko rukuni, ba a kan sunan mutum ba. Ranar da wanda aka rubuta sunansa ya tafi hutu ko ya bar aiki, takardu za su taru a akwatin da ba mai buɗewa. A saita wakilci mai ranar farawa da ta ƙarewa, a kuma sa agogo: takardar da ta kwana uku na aiki ba a taɓa ba, a tunatar; ta kai biyar, ta hau zuwa na sama. Agogon ya san kwanakin hutu, in ba haka ba zai riƙa kai ƙarar mutane a ranar da ofis ke rufe.

Iyakar kuɗin da kowane manaja zai iya amincewa da shi a ajiye ta a tebur ɗin da sashen kuɗi zai iya gyarawa, kada a binne ta cikin zanen tafiyar. Inda akwai odar saye, a bar manhajar ta kwatanta abubuwa uku: oda, shaidar karɓar kaya, da takardar neman biya. In sun dace cikin ɗan bambancin da sashen kuɗi ya yarda da shi, ta wuce ba sai an dami kowa ba. Wanda ya shigar da takarda kada ya zama mai amincewa da ita, kuma manhajar ce za ta hana, ba amana ba. In an canza adadi ko an sauya shafi bayan amincewa, amincewar ta rushe a sake daga farko.

Layin masu matsala shi ne inda ayyuka da yawa ke mutuwa. Ya zama yana da mai shi, mutum ko rukuni da aka sani, kuma kowace takarda ta shiga da dalili daga jerin zaɓi: babu oda, farashi ya saɓa, hoto bai fito ba, maimaici. Ƙin amincewa ma dole ya zo da dalili da kuma inda takardar za ta koma. Bayan wata guda, ƙirga waɗannan dalilan zai nuna muku wace ƙa'ida ce ke buƙatar gyara. Sanarwar imel kuwa, saƙo ɗaya da safe mai jera abin da ke jira ya fi saƙo ga kowace takarda, wanda mutane kan daina buɗewa. Kuma saƙon ya ɗauki mahaɗi zuwa takardar, ba kwafinta ba.

Saiti kafin kod

Akwai hawa uku na daidaitawa. Na farko saitin da manhajar ta tanadar a allonta. Na biyu ƙananan rubutun umarni a wuraren da masu manhajar suka buɗe don haka. Na uku kod na musamman da ke magana da ita ta API, ƙofar da aka buɗe wa wasu manhajoji. Kada a hau na gaba sai na baya ya gaza, domin saiti yana tsallake sabuntawa lafiya, kod kuwa sai an sake gwada shi a kowace sabuwar siga, kuma sau da yawa wanda ya rubuta shi ya riga ya tafi. In wani sashe ya nemi abin da sai da kod, a fara tambaya ko aikin nasu ne zai ɗan sauya.

Haramun guda a nan shi ne rubutu kai tsaye cikin rumbun bayanan manhajar. Yana tsallake izini da rajistar tarihi, yana kuma karyewa da zarar an canza fasalin tebur. A bi API na manhajar, ko CMIS, mizanin da OASIS ta amince da shi a 2010 don manhajojin adana takardu su fahimci juna. Wajen tura bayani zuwa manhajar akanta, kowace turawa ta ɗauki lambar shaida ta musamman, ta yadda in layi ya yanke aka sake turawa, ba za a rubuta bashi ɗaya sau biyu ba. In ana amfani da foldar da manhajar ke leƙawa ta kwashi fayil, mai ajiyewa ya rubuta da sunan wucin gadi, sai ya gama ya canza sunan, don kada a kwashi rabin fayil. Asusun da haɗin ke aiki da shi kuma a san ranar da kalmar sirrinsa za ta ƙare, domin yakan tsaya shiru ba tare da kowa ya sani ba sai takardu sun taru.

Izini, riƙewa da shafewa

Izini a ba rukuni, rukunin kuma ya fito daga Active Directory, rajistar asusun ma'aikata ta Microsoft, ko makamancinsa, don wanda ya bar aiki ya rasa shiga ko'ina lokaci guda. Gani, gyara fihirisa, bugawa, fitarwa da shafewa, kowanne izini ne daban. Ku gwada bincike da asusun ƙaramin ma'aikaci: wani lokaci takardar albashi ba ta buɗuwa, amma sunanta da layin farko na rubutunta suna bayyana a sakamakon bincike, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsawon riƙe takarda doka ce ke faɗa, ta ƙasar da kamfanin ke aiki da ta fannin sana'arsa, don haka lauya da mai kula da bayanai ne za su ba da jadawalin. ISO 15489 yana bayyana yadda ake tsara shi. Abin da mai saiti ke yawan kuskurewa shi ne ranar fara ƙirga. Kwantiragi daga ranar ƙarewarsa ake ƙirgawa, fayil ɗin ma'aikaci daga ranar barinsa aiki, ba daga ranar sikanin ba, don haka dole a tanadi gurbin wannan ranar da hanyar cike shi. A samar da maɓallin dakatar da shafewa ga takardun da shari'a ko bincike ya shafa. Shafewar kanta ta bi ta hannun mai amincewa, ta bar rajistar abin da aka shafe. Takardun hannu kuwa kada a yaga su sai an tabbatar da ingancin hoton, lauya kuma ya faɗi waɗanda dole a riƙe asalinsu.

Kwafin ajiya yana da tarko: hotunan suna wuri ɗaya, fihirisar tana rumbun bayanai. In an kwafe su a lokuta daban, ranar maidowa za a sami fihirisa mai nuna fayil ɗin da babu, ko fayil marar fihirisa. A daidaita lokacinsu, a kuma gwada maidowa ta gaske a wata saba.

Gwaji da fara aiki

A ware muhalli uku: na gini, na gwaji, na aiki, saiti ya riƙa tafiya daga wannan zuwa wancan ta fitarwa da shigarwa, ba ta sake dannawa da hannu ba. A gwada da takardu mafi muni da aka ware tun a matakin farko, kuma akawun da za su yi aikin su ne za su gwada. Kafin a canza tafiyar aiki mai rai, a binciki abin da zai faru da takardun da ke tsakiyar hanya, domin wasu manhajojin suna barinsu su ƙarasa a tsohuwar siga, wasu suna buƙatar a matsar da su da hannu.

Tsofaffin takardu ba dole a yi sikaninsu duka ba. A sa ranar da daga ita komai sabo zai shiga manhaja, tsofaffi kuma a ɗauki waɗanda ake yawan nema da waɗanda ke da sauran shekaru masu yawa na riƙewa. In ana ƙaura daga wata manhaja, a ƙirga takardu da shafuka a ɓangarorin biyu, a kwatanta tambarin SHA-256 na kowane fayil, a kuma riƙe tsohuwar lambar shaida a gurbi na musamman don tsofaffin mahaɗai su ci gaba da aiki.

A fara da sashe ɗaya har ya tsallake rufe lissafin wata aƙalla sau ɗaya, domin a lokacin ne cunkoso ke fito da abin da gwaji bai nuna ba. A riƙa duba kwanakin da takarda ke ɗauka daga shigowa zuwa amincewa, kason da ke wucewa ba tare da hannun mutum ba, yawan abin da ke layin masu matsala da tsawon zaman mafi daɗewa a ciki, da gurbin da akawu suka fi gyarawa. Kowane nau'i, gurbi, ƙa'ida da guntun kod a rubuta shi a kundi ɗaya tare da dalilinsa da sashen da ya nema, kuma takardun gwajin nan a adana su da amsoshinsu, a sake wucewa da su ta muhallin gwaji duk lokacin da sabuwar sigar manhajar ta fito, kafin a ɗora ta a sabar aiki.